Littafin aro ya sha man keke: me kuka aro kwanan nan, kuma yaya zan yi da nawa?

Telan Yelwa (Garwa):

Assalamu alaikum jama'a. Ya muka ji da zafi? Mu nan Garwa ta Kamaru da hantsi ya ɗaga, ƙarfen keke ba ya taɓuwa sai da tsumma.

Abu biyu ne suka kawo ni, ɗaya na daɗi, ɗaya na ɓacin rai. Bari in fara da na daɗin don kada in kore ku.

Ni tela ne, shagona yana Yelwa. Boko a aji huɗu na kolej na tsaya, jarrabawar BEPC ta gama kolej ma sau ɗaya na gwada na bar musu kayansu. Amma son karatu bai sake ni ba. Shekara biyu ke nan da na yanki kati a wani ɗakin karatu a cikin gari, ana ba ni littafi uku in riƙe mako biyu. Wancan zuwan na ɗauko na yara guda ɗaya mai hotunan dabbobi saboda 'yata, sai Le vieux nègre et la médaille na Ferdinand Oyono, sai Munyal na Djaïli Amadou Amal.

A gidanmu ni kaɗai ke aro, amma mu tara ke karatu. Bayan isha'i, musamman in an ɗauke wuta ba talabijin, sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in kunna fitilar waya, in karanta sakin layi da Faransanci a zuci, in juya shi da Hausa a fili. Inna tana kan buzunta da carbi, wai ita ba saurare take ba. To amma da na kai wurin da aka tsayar da tsoho Meka cikin da'irar farar ƙasa a tsakiyar rana ran 14 ga Yuli, yana jiran Bature ya maƙala masa lambar girma, ga takalmi ya matse shi, ga fitsari ya matse shi, kuma ba halin ya fita daga zanen, Inna ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ta sha ruwa sai ta ce, "Wannan ba shi ne wanda 'ya'yansa biyu suka mutu a yaƙin Turawa ba, ya kuma ba su gonarsa? To su riƙe ƙarfensu su maido masa da 'ya'yansa mana." Littafin tun 1956 ya fito, Inna ba ta taɓa zama a benci ba, amma cikin numfashi ɗaya ta faɗi abin da ni sai da na kai ƙarshe na gane.

Munyal kuwa bai zo mana da dariya ba. Sunan ma ban fassara ba, don duk wanda ya tashi a Garwa, ko Bahaushe ne ko Bafali, ya san munyal haƙuri ne. Labarin mace ta farko a littafin, Ramla, ya wuce lafiya. Da muka shiga na Hindu, wurin dukan da mijinta ke mata, Inna ta ce in rufe, ba a karanta irin wannan gaban yara. Maiɗakina ta ce a kori yaran a ci gaba. Aka kori yaran. Ni dai in faɗi gaskiya, littafin ya yi mini nauyi. Na ji kamar an tara mazan ƙasar nan a kwando ɗaya an ce duk ruɓaɓɓu ne. Ina iya yin kuskure, shi ya sa nake son jin bakin waɗanda suka karanta.

To ga ɓacin ran. Ɗinkin Sallah ya taso, na tafi da littafin shago don in riƙa leƙawa in na gaji da taka keke. Na cusa shi a aljihun teburin keke, na manta akwai 'yar kwalbar mai a ciki wadda murfinta ya tsage. Da safe na jawo aljihun, sai ga littafi ya sha mai ya ƙoshi. Shafi wajen talatin daga tsakiya sun koma kamar takardar da aka naɗe ƙosai, kana karanta gaba kana hango rubutun baya. Wa'adin maidowa ya wuce da kwana shida, kunya ta hana ni zuwa. Yaron shagona ya ce in maida shi tsakanin sauran biyun in ajiye in juya da sauri. Zuciyata ba ta kwanta da wannan ba.

Wanda ya san dabarar cire mai daga takarda ya taimaka. Sannan ku gaya mini me kuka aro kwanan nan. Kuma don Allah, akwai wanda ya taɓa ganin littafin Hausa, ko guda ɗaya, a kan kantar wani ɗakin karatu a ƙasar nan? Ni na duba namu kanta bayan kanta, ban gani ba.

Malama Maman Hafsa (Marwa):

Wa alaikumus salam Malam Tela. Sannu da aiki, a gaida Inna.

Maganar mai tukuna. Kada ka sa ruwa, kada ka shanya a rana, kada kuma ka ɗora dutsen guga mai zafi kai tsaye, na san hannun tela nan zai fara zuwa. Ka samu alli fari irin na allo, ka daka shi ya yi laushi kamar hoda, ka barbaɗa tsakanin shafi da shafi, ka sa farar takarda ko tishu, ka rufe ka danne da abu mai nauyi ya kwana biyu. Ka kakkaɓe da burushi mai laushi ka sake sabo. Allin zai tsotse mai da yawa. Tabon ba zai tafi duka ba, kada in yaudare ka, amma shafukan za su daina manne wa juna. Na yi haka da rajistar ajinmu da man gyaɗa ya zube mata.

Shawarar yaron shagonka kuwa ka bar ta a shago. Masu ɗakin karatu suna rubuta sunan wanda ya ɗauki littafi na ƙarshe. In ba su gani yau ba, wanda zai ara bayanka ne zai shiga uku, ko kuwa su gano ka su ɗauke ka maƙaryaci. Ka je da ƙafarka ka buɗe musu shafin da hannunka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Yanzu Munyal. Yayana, ka yi haƙuri, ka ga ni ma na ce ka yi munyal. Ka ce littafin ya yi maka nauyi. Karantawa kawai ka yi da fitilar waya ya yi maka nauyi, to ina ga wadda take kwana a cikin ɗakin? Marubuciyar 'yar garin nan ce, a Marwa aka haife ta a 1975, ita kanta tana 'yar shekara 17 aka aurar da ita. Ba daga Faransa ta leƙo ta taga ta rubuta mu ba. Ni abin da ya fi tsaya mini ba dukan ba ne, don duka kowa ya san haramun ne ko da yana yi. Kalmar ce. Ranar da za a kai ni ɗakin miji, gwaggonnina biyar suka shigo ɗaya bayan ɗaya, kowacce abu ɗaya ta faɗa: yi haƙuri, aure ɗan haƙuri ne. Ba wadda ta ce mini in abu ya kai kaza ki zo ki faɗa. Mijina mutumin kirki ne, alhamdu lillahi, ban buƙaci wannan ƙofar ba. Amma ƙanwar ƙawata ta buƙace ta, ba ta same ta ba. Haƙuri ibada ne, ba mai musu. Abin tambaya shi ne wa ake ce wa ya yi, wa kuma ba a taɓa ce wa.

Kuma ka ƙarasa kafin ka yanke hukunci. Kashi na uku na Safira ne, uwargidan da aka yi wa Ramla kishiya, a nan za ka ga mata ma ba a wanke su ba. Maiɗakinka za ta so wannan kashin, Inna ma ina jin ba za ta ce a rufe ba.

Wani abu da zai yi maka amfani in sun ce ka sayo madadinsa: Munyal na 2017 ne, daga baya aka sake gyara shi aka buga a Faransa da sunan Les Impatientes, shi ne ya ci kyautar Goncourt ta 'yan lise, wato babbar sakandare, a 2020. Wannan bugun ya fi sauƙin samu yanzu. Ka tambaye su ko za su karɓe shi.

Ni kuma abin da ke hannuna wani nata ne, Cœur du Sahel na 2022, a ɗakin karatun makarantarmu na ɗauka. Labarin yarinya ce daga ƙauyen duwatsu da ta zo Marwa aikatau. Ban yi nisa ba, amma tun jiya na kasa kallon yarinyar da ke mana wanke-wanke yadda na saba. Shekara biyu tana gidana, sai jiya na tambaye ta sunan mahaifiyarta.

Littafin Hausa a kanta kuwa, ban taɓa gani ba.

Alhaji Mai Goro (Kusiri):

Salamu alaikum. Jikana ne ke buga mini wannan, ni ina faɗa yana rubutawa, in kun ga kuskure nasa ne.

Ɗana tela, ni ban taɓa yankar kati ba, ban san ma ƙofar bibliyotek, wato ɗakin karatun garin nan ba. Amma aron littafi mun san shi tun kafin a haife ku. Zamanin da nake almajiri, in ka gama Ahalari za ka shiga Ishmawi, ba kanti za ka je ba. Wurin wanda ya riga ka za ka je, ya ciro maka daga gafaka, warƙa warƙa, ba ɗinki. Ba ya ba ka duka. Ya ba ka warƙa goma, ka je ka kwafe da tawadarka, ka maido, ya ƙirga a gabanka, sannan ya ba ka goma na gaba. In ka ɗiga wa warƙa tawada, kai za ka sake rubuta masa ita da hannunka, ka kai masa da tsohuwar da sabuwar. Ba mai ɓoyewa, don gobe ma wurinsa za ka koma neman Iziyya. To ka ga hukuncinka ya fito tun tuni: wanda ya ɓata ya gyara, ya kuma kai da kansa. Malama ta faɗi daidai.

Littattafan Hausa da kake nema a kanta, ba ta kanta suke shigowa ƙasar nan ba. A cikin kaya suke zuwa. Shekara da shekaru ina ɗauko goro da yadi ta hanyar Kano, Maiduguri, Gamboru, a haye gada a shigo Fotokol, a iso Kusiri. Duk tafiya sai matan gida sun ba ni saƙon 'yan littattafan nan na soyayya na Kano, in cusa su tsakanin bandir ɗin atamfa. Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu, Allah ya jiƙanta, da ta tara su cike da akwatin ƙarfe biyu tana ba da haya, dala biyar kwana ɗaya. In littafi kashi uku ne, sai ka ga yara suna zirga-zirga tsakanin gidaje da magariba, wannan ta gama na ɗaya tana jiran na biyu, na biyun yana hannun amaryar gidan liman. Ita ce bibliyotek ɗinmu, ba ta da rajista, amma ta san inda kowane littafi ya kwana. Daga 2014 da rikicin Boko Haram ya lalata hanyar, kaya suka yanke, littattafai ma suka yanke. Da hanya ta fara daidaita kuma, sai ga waya ta cinye kasuwar. Yanzu matan a kunne suke sauraron labarin suna tankaɗe.

Ina da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, duka uku, na saye su a Zariya da kuɗina tun ina da baƙin gemu. Bangon na ɗaya ya tafi, da fatar akuya na sa aka yi masa sabo. Bari in ba ku dariya. Wannan jikan nawa da ke rubutu, yana lise, Faransanci a bakinsa kamar ruwa. Na miƙa masa na ce karanta mini. Ya dubi bango ya ce, "Magana Jari Se." Na ce me? Ya ce ai haka ake karanta c da e. Ya shiga ciki, duk inda ya ga "ciki" sai ya ce "siki", in ya ga ƙ mai lanƙwasa sai ya tsaya yana kallonta kamar ya ga kunama. Yaron da Hausa ya buɗe baki da ita! Kwana uku muka yi ina gyara masa, ran na huɗu ya kama hanya, ran na biyar na neme shi da littafin na rasa, ashe yana bayan ɗaki yana bin labarin aku shi kaɗai. (Ya ce in bari ya cire wannan wurin. Na ce ya rubuta.)

Abin da ya sa na kawo wannan: ko da an zuba littattafan Hausa a kantar, yaranmu sai an zauna da su kwana uku tukuna. A makaranta ba a nuna musu ba. Dubi yadda suke rubuta wa juna a waya, "ina kouana", "sannou". Ba laifinsu ba ne, abin da aka koya musu ke nan.

In kana so, ɗana, zan ba ka aron na ɗaya. Akwai direbobin da ke zuwa Garwa ta Marwa da na sani. Amma irin aron da na sani zan ba ka: ka gama na ɗaya ka maido, in duba, sannan na biyu ya taso. Kuma kada ya kusanci teburin keke.

Ɗalibin Dang (Ngaundere):

Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, ni ma "Se" na fara cewa, ba jikanka kaɗai ba ne.

Ni a sashen tarihi nake a jami'a, abin da na aro ba na hira ba ne. The Hausa Factor in West African History na Mahdi Adamu, bugun 1978, da Ingilishi yake, ina tafe ina duba ƙamus. Wani malaminmu ne ya ba ni nasa na mako ɗaya bayan na yi masa rantsuwa. Na neme shi ne saboda tambayar da ake yawan yi mana a nan, wai ku Hausawa yaushe kuka zo. Kakannin da yawa daga cikinmu fatauci ne ya kawo su Adamawa tun ƙarni na 19, bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu, suna bin hauren giwa da goro har Ngaundere da Tibati da Banyo. Wato kafin Jamusawa su iso ƙasar ma akwai unguwannin Hausawa.

Yaya Tela, ga wanda zai yi wa Inna daɗi in ka samu fassarar Faransanci: tafiyar Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, kuma yana jin Hausa. A watan Yuni na 1851 ya haye Binuwai a mahaɗarta da kogin Faro, yamma da ku kaɗan, ya shiga Yola, Lamiɗo Lawal ya sallame shi bayan 'yan kwanaki don ya zo tare da mutanen Barno. Sannan ka tambayi masu ɗakin karatunku littafin tarihin Garwa na Ahmadou Bassoro da Eldridge Mohammadou, na 1980. In suna da shi, da wuya su bari a fita da shi, sai dai ka zauna a can.

Na fi samun littattafai a waya, gaskiya, amma karatun shafi ɗari huɗu a fuskar waya ido ne ke biya.

Ummu Zara (Injamena):

Ni na yara nake arowa. Wannan makon Au Tchad sous les étoiles na Joseph Brahim Seid ne, tatsuniyoyi da labaran ƙasar nan, tun 1962. 'Ya'yana a waje Larabci suke yi, a makaranta Faransanci, Hausa sai in sun shigo gida, shi ya sa nake yin irin naka, in karanta in juya musu. Ƙaramin ya ce in ban fara da "ga ta nan ga ta nanku" ba, ba tatsuniya ba ce, ko me littafin ya ce.

Baba Alhaji, tsakaninmu gadar Ngeli ce kawai. In tela ya gama da na ɗaya, ina layi.

Telan Yelwa (Garwa):

Na gode ƙwarai jama'a. Ga yadda ta kaya.

Malama, na yi aikin alli sau biyu. Allin tela na fara dakawa, sai na tuna mai launi ne, na aika yaro ya sayo na makaranta. Na danne da kan tsohon keke da ke ajiye a lungu, nauyinsa ya isa. Shafukan sun saki juna, ana karantawa, amma tabon yana nan kamar taswira.

Jiya bayan la'asar na wanke ƙafa na tafi. Matar da ke kan tebur ta karɓi biyun farko ta buga hatimi. Na uku na riƙe shi a hannu na buɗe mata tsakiya kafin ta tambaya. Ta ɗaga shi ta shinshina, ta ce, "Man mota?" Na ce na keken ɗinki. Ta yi shiru, ta kira wani dattijo daga ciki. Shi ya ce doka ita ce in sayo sabo ko in biya kuɗinsa, ga kuma tarar makara. Na kawo maganar Les Impatientes kamar yadda kika ce, ya ce ya yarda. Tarar na biya nan take. Littafin kuma na sa wani ɗan'uwa da ke Yawunde ya nemo, ya ce jaka bakwai ya gani, wato ɗinkin riga biyu ya tafi. Ya yi mini zafi ana gab da Sallah, ba zan ɓoye ba.

Da zan fita dattijon ya ce tunda tela ne ni, ko zan duba wani abu. Ya kai ni wani ɗaki, ga kwali cike da littattafan yara da bayansu ya ɓare, shafuka na zubewa. Ya ce ana ɗinka wannan? Na ɗauki ɗaya na juya. Keke ba zai ci ba, amma da basilla da zaren lilo mai kauri, a bi ta tsakiya, a manna ƙyallen kaki a gadon baya, zai yi shekaru. Na ce bayan Sallah zan ɗauki goma in gwada. Na tambaye shi maganar littattafan Hausa, ya ce ba wanda ya taɓa kawo musu, in an kawo ba zai ƙi ba.

Mai tabon ya zama nawa, sun bar mini. Daren jiya muka shiga kashin Safira. Malama, kin yi gaskiya a rabi: Inna ba ta ce a rufe ba, har carbin ta ajiye. Amma maiɗakina tun da aka fara take kallona ta gefen ido, ni da ko zancen ƙarin aure ban taɓa yi ba. Maganar kwando ɗaya kuma ban janye duka ba tukuna, sai mun kai ƙarshe.

Baba Alhaji, na karɓi sharaɗi. Na riga na yanka masa jaka da ragowar shadda, mai zif, da shafi biyu a ciki. A gwada mini tsawon littafin da faɗinsa, da bangon fatar, kada in ɗinka ta matse shi. Kuma wace rana direban ke tasowa daga Kusiri?